Zanen zambo na Faransa: ya taɓa hana ɗan damfara cin kasuwarsa kuwa?

Abban_Sadik: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani tsohon zane na Faransa da ya tsaya mini a rai, na wani mai zane Honoré Daumier, wanda jaridar Le Charivari ta buga a 1836. Mutum biyu ne a ciki, Robert Macaire da yaronsa Bertrand. Macaire na cewa su buɗe banki mai jarin miliyoyin miliyoyi, su durƙusar da Bankin Faransa da duk wani mai kuɗi. Bertrand ya ce to 'yan sanda fa? Sai uban gidan ya ce masa kai wawa ne, ana kama mai miliyan ne? Zane wajen ɗari suka yi a kan wannan mutumin daga 1836 zuwa 1838. Yau shi ne mai banki, gobe likita, jibi lauya ko ɗan takara, kullum hannunsa na aljihun mutane. Tambayata ita ce, duk wannan zambo ya taɓa ceton kuɗin wani? Ni a ganina bai hana komai ba. Mutane sun yi dariya, haushinsu ya huce, kashegari suka sake kai kuɗinsu ga wani Macaire ɗin. Wa ke da wata fahimta daban?

Bakatsine_77: Wa alaikumus salam. Gaskiya ka faɗa. Ɓarawon da ba ya jin kunyar Allah, takarda ce za ta ba shi kunya?

Malama_Hadiza_Tarihi: Abban Sadik, ka faro labarin daga tsakiya ne, shi ya sa ka ga kamar wasa. Kafin Macaire, sarki da kansa suke zanawa. Louis-Philippe ya hau mulki bayan juyin juya halin Yuli 1830, kuma tsarin mulkin da ya rantse a kansa ya ce ba za a sake dawo da tace jaridu ba har abada. A watan Nuwamba na shekarar Charles Philipon ya kafa jaridar La Caricature. Shekara guda bayan haka, ranar 14 ga Nuwamba 1831, yana tsaye gaban alƙali saboda wani zane da ya nuna sarki a matsayin magini yana shafe alƙawuran Yuli da ke rubuce a bango. A cikin kotun ya ɗauki takarda ya yi zane huɗu. Na farko fuskar sarki, na biyu ya ɗan sauya ta, na uku kumatu sun ƙara faɗi kai ya tsuke, na huɗu ya zama fiyar Turawa, mai siririn sama da faɗin ƙasa. Hujjarsa ita ce, in kama da sarki laifi ne, to sai a hukunta ɗan itacen ma. Bai tsira ba, wata shida da tarar kuɗin Faransa faran 2,000 aka yanke masa. Amma daga nan yara suka riƙa zana wannan ɗan itace da alli da gawayi a bangayen Paris da sauran garuruwa. Sarkin da yaran unguwa suka mayar abin zane a bango, kwarjininsa ya riga ya zube.

Abban_Sadik: Malama, na ji. Amma ai ya ci gaba da mulki har 1848. Shekara goma sha bakwai bayan zanen.

Malama_Hadiza_Tarihi: Ya ci gaba. To in abin ba ya yi musu ciwo, me ya sa suka ɗaure Daumier? A Disamba 1831 ya zana sarki a matsayin Gargantua, wani ƙato mai haɗama na tsohon labarinsu. Yana zaune a kan kujera da tulelen ciki, an jingina dogon katako daga ƙasa zuwa bakinsa, ana hawa da kwandunan kuɗin da aka karɓa daga talakawa ana zuba masa. A gefe ga mace zaune da jariri, ga masu tsumma suna jefa ɗan abin da ke hannunsu. A ƙarƙashin kujerar kuma takardun muƙamai da lambobin girma ne ke zubowa, manya suna wawaso. Kun gane daga inda suke fitowa. Wata shida aka yanke masa da tarar faran 500, ya shiga kurkukun Sainte-Pélagie a 1832 yana ɗan shekara 24.

Zee_Kaduna: Subhanallah, wannan ai ya wuce zambo ya zama zagi tsirara.

Isuhu_Damagaram: Ni a lakwal, wato makarantar boko, na fara ganin waɗannan zanen, cikin littafin tarihi na aji, don mu nan Nijar tarihin Faransa muka sha kamar ruwa. Abin da Malama ba ta kai gare shi ba tukuna shi ne dalilin da ya sa aka koma kan Macaire. Ranar 28 ga Yuli 1835 wani mai suna Fieschi ya haɗa bakunan bindiga 25 a kan katako ɗaya ya harbi ayarin sarki a Paris. Sarki ya tsira, mutum 18 suka mutu. Gwamnati ta samu abin da take nema, ta yi dokokin Satumba 1835, waɗanda suka ce ba a buga kowane zane sai hukuma ta gani ta yarda. Ku lura, rubutu ba a sa masa wannan sharaɗin na neman izini tun kafin bugawa ba, zane aka sa wa. La Caricature ta rufe. Philipon da Daumier suka ga ba dama su taɓa sarki da ministoci, sai suka ɗauko Macaire, wanda dama ɗan wasan kwaikwayo Frédérick Lemaître ya riga ya sa ya yi suna a dandamali. Kowa a Paris ya san cewa idan ana zana mai sayar da hannun jarin bogi, mulkin da ya ba shi fili ake nufi. Habaici ne, irin wanda mai shi ke ji a jikinsa amma ba shi da hujjar kai ƙara.

Alhaji_Mai_Ɗab'i: Bari in sa baki ta fannin sana'ata, don akwai abin da ya sa zane ya fi ba su tsoro. Kafin lokacin, in kana son buga hoto sai an sassaƙa shi a kan tagulla ko katako, aikin kwanaki ko makonni, kuma galibi wani ne daban zai sassaƙa, ba mai zanen ba. Sai wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano wata hanya a 1796. Ana samun faffaɗan dutsen farar ƙasa a goge shi sumul. Mai zane ya yi zanensa kai tsaye a kai da alli mai maiƙo. A shafa masa ruwan ƙaro da ɗan sinadari, a jiƙa dutsen. Inda babu maiƙo ya sha ruwa, inda aka yi zane ya ƙi ruwa. In aka bi da tawada mai mai, sai ta kama zanen kawai ta bar sauran. A ɗora takarda a danne. Da an gama a goge dutsen a sake wani. Abin da ya faru a majalisa yau, cikin 'yan kwanaki yana kan takarda da hannun mai zanen kansa. Injinan da muke buga kalanda da fastocin 'yan siyasa da su yau, a kan wannan ƙa'idar ta rashin jituwar ruwa da mai suke aiki, faranti ne kawai ya maye gurbin dutse.

Zee_Kaduna: Alhaji Allah ya ƙara basira, ban taɓa sanin haka ba. Amma talakan da ake magana yana da kuɗin sayen jaridar?

Isuhu_Damagaram: Ba shi da shi, 'yar'uwa, jaridar masu hali ce. Amma shagon Aubert da ke buga su, a wani lungun kasuwa mai rufi da ake kira Véro-Dodat, yana liƙa sababbin zanen a gilashin gaba. Mutane su taru su kalla kyauta. A gidajen shan gahawa ma ana ajiye jaridar. Wanda bai iya karatu ba ya gane ƙaton ciki da kwandon kuɗi.

Maman_Iklima: Ni dai ina bayan Abban Sadik, kuma ba daga littafi nake magana ba. Wani kamfani ya zo garinmu da ofis mai kyau, na'urar sanyaya ɗaki, 'yan mata a kan kwamfuta, suna cewa kasuwancin noma suke yi, a sa kuɗi a karɓi riba duk wata. Maƙwabciyata ta karɓi ribarta a gabana, ta ƙirga a kan tabarma, sababbin takardu da robar banki a jiki. Na kwashe kuɗin adashina da na ɗan kunnen da na sayar na kai. Wata rana muka je muka tarar da kwaɗo a ƙofa, mata cike da bakin titi, wata tsohuwa zaune a ƙasa riƙe da rasit ɗinta a leda. Abin da nake so ku gane, an gargaɗe ni. Mijina ya faɗa, ƙanena ya turo mini saƙonni har da hotunan barkwanci da ake yi a kan irin waɗannan kamfanoni. Na gani, na ce wannan daban ne. Wanda kwaɗayi da matsi suka haɗu a kansa, ba ya ganin kansa a cikin zane.

Bakatsine_77: Allah ya mayar miki da alheri Maman Iklima. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Malama_Hadiza_Tarihi: Amin. Yaya, abin da kika faɗa su ma sun san shi. Akwai wani a cikin zanen da ake kira Monsieur Gogo, shi ne mai sayen hannun jarin da kullum ake wankewa, har Daumier ya yi masa jerin zane nasa na kansa a 1838. A shekarun nan an yi zazzaɓin kafa kamfanonin hannun jari a Paris, na haƙar ma'adinai, na kwalta, na abubuwa barkatai, da yawansu babu komai a ƙasa sai takardar talla. Abin da ban so ba a wasu zanen shi ne yadda ake dariyar Gogo kusan daidai da yadda ake dariyar Macaire. Wanda aka cuta ba abin dariya ba ne.

Ustaz_Bashir: Jama'a, ina da abin cewa. Mu yi hattara da yabon wannan hanya. Allah ya hana mu yi wa juna izgili a Suratul Hujurat, aya ta 11. Zana mutum da ƙaton ciki ko mummunar fuska, halittarsa ake aibatawa ba aikinsa ba. Kuma kada mu manta daga wannan al'adar ce aka samu waɗanda suka yi zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba zan iya raba reshe da tushe ba.

Lauya_Nura: Allah ya gafarta Malam, ɓatancin nan duk ya yi mana ciwo, babu mai kare shi a nan. Amma ina ganin ba abu ɗaya ba ne. Wanda ya zana minista yana cusa kuɗin jama'a a aljihu, mai ƙarfi ya tunkara, kuma ya san zai iya kwana a kurkuku. Wanda ya zagi abin da marasa rinjaye a ƙasarsa suke girmamawa, ba jarumta ya yi ba. Sannan ai akwai aya ta 148 a Suratun Nisa'i, da ta keɓe wanda aka zalunta a wajen bayyana mummunar magana, kuma malamai sun ambaci gargaɗin jama'a game da mayaudari cikin wuraren da ba su zama giba ba. Daumier bai bar mu lauyoyi ba ma, daga 1845 zuwa 1848 ya yi jerin zane a kanmu. Akwai wanda lauya ke tafiya yana ƙasaita, ga bazawara tana kuka da yaronta a gefe, yana lallashinta cewa ta faɗi shari'a amma ai ta ji daɗin sauraren yadda ya yi bayani. Na sha ganin wannan a harabar kotu da idona.

Ustaz_Bashir: Gargaɗi daban, izgili daban, ɗan'uwa. A faɗi laifin mutum da hujja, a bar hancinsa da tumbinsa.

Shugaban_Zaure: Don Allah a tsaya kan tambayar Abban Sadik. Maganar ɓatanci mun yi mata zama na musamman a baya, kada ta cinye wannan.

Baba_Mai_Ritaya: 'Ya'yana, ina karanta ku tun ɗazu. Ustaz na da gaskiya ta wata fuskar da ba a taɓo ba, kuma tana cikin maganar kuɗi ce. Ku dubi badaƙalar Panama. Ferdinand de Lesseps, wanda ya haƙa mashigin Suwez, ya tara kuɗin Faransawa don haƙa na Panama, aka fara aiki a 1881. Zazzaɓin shawara da na cizon sauro suka kashe dubban ma'aikata, kuɗi suka ƙare, kamfanin ya rushe a 1889, dubun-dubatar masu ƙaramin ƙarfi suka yi asarar ajiyarsu. A 1892 aka gano an raba wa 'yan majalisa da 'yan jarida cin hanci don su rufe bakinsu su kuma amince da sabon rance. An ambaci 'yan majalisa sama da ɗari. Cikin 'yan siyasar nan mutum ɗaya tak aka ɗaure, Charles Baïhaut, tsohon ministan ayyuka, shi ma don ya amsa laifinsa ne. De Lesseps da injiniya Gustave Eiffel, wanda ya karɓi kwangila a aikin, an yanke musu hukunci, babbar kotu ta soke saboda wa'adin ƙara ya wuce. To ina masu zane? Sun yi ta zane kam. Amma da yake biyu daga cikin dillalan cin hancin, Reinach da Herz, Yahudawa ne, sai jaridu irin La Libre Parole ta Édouard Drumont suka karkatar da fushin kan Yahudawa gaba ɗaya, aka riƙa zana su da ƙaton hanci da jakar kuɗi. Bayan shekara biyu aka ɗaure Kyaftin Dreyfus, wani hafsan sojan Faransa Bayahude, a kan laifin da bai yi ba. Alƙalamin da ya iya tona ɓarawo, ya iya ɓoye shi a bayan wata ƙabila.

Isuhu_Damagaram: Baba ya faɗi gaskiya. Mu ma baƙar fata mun sha irin wannan a jaridunsu na zamanin mulkin mallaka, manyan leɓɓa da zare ido. Ba na mantawa da haka ko ina yaba Daumier.

Abban_Sadik: To kun gani. Maganar Baba ta ƙara mini hujja. An zana Macaire a 1836, an yi Panama a 1892. Ina amfanin?

Malama_Hadiza_Tarihi: Ka auna shi da ma'aunin da ba nasa ba. Kama ɓarawo aikin ɗan sanda da alƙali ne. Abin da mai zane ke iya yi shi ne ya hana a manta, ya kuma hana ƙarya zama daram. Akwai zanen Daumier da babu dariya ko kaɗan a ciki. A Afrilu 1834, lokacin wata tarzoma, sojoji suka shiga wani gida a titin Transnonain da ke Paris suka kashe mutum 12 mazauna gidan. Ya zana ɗakin bayan sun fita. Magidanci kwance a ƙasa cikin rigar barci kusa da gadon da aka hargitsa, gawar ƙaramin yaro a ƙarƙashinsa, kan wani tsoho a gefe, wata gawa a can cikin duhu. Hukuma ta ƙwace dutsen da takardun da ta samu. Yau babu mai tuna bayanin gwamnati kan abin, zanen ake tunawa. Sannan ka duba ƙarshen mulkin. A zamanin sai mai biyan harajin faran 200 ke jefa ƙuri'a, mutum wajen 240,000 a ƙasar da ta haura miliyan 30. A 1847 aka kama tsohon minista Teste da karɓar faran 94,000 don ba da izinin haƙar gishiri, aka ɗaure shi shekara uku. Mutanen da suka shekara goma suna kallon Macaire ba su ɗauki wannan a matsayin kuskuren mutum ɗaya ba, sun ga halin gidan ne duka. Fabrairu 1848 sarki ya gudu Ingila.

Bakatsine_77: Malama, yunwa da tsadar burodi ne suka kore shi, ba zane ba.

Malama_Hadiza_Tarihi: Da su, ƙwarai, an yi mummunar damina a 1846. Amma da yunwar ta zo, mutane nawa suka fito kare shi?

Isuhu_Damagaram: In ƙara misali na kusa. Le Canard enchaîné jaridar zambo ce mai cike da zane, tun 1915 take. A Oktoba 1979 ta fallasa cewa Bokassa, mai mulkin Afirka ta Tsakiya, ya ba shugaban ƙasar Faransa Giscard d'Estaing kyautar lu'ulu'u tun lokacin yana ministan kuɗi. Maganar ta bi shi har zaɓen 1981 da ya faɗi. Sai dai a nan ba zane kaɗai ba ne, takarda suka buga a matsayin hujja.

Lauya_Nura: Wannan shi ne abin. Zambo da bincike in suka haɗu suna cizo. Zambo shi kaɗai yana iya zama abin da Abban Sadik ya ce.

Zee_Kaduna: Ni tambayata, shi Daumier ɗin ya samu wani abu da wannan aikin?

Alhaji_Mai_Ɗab'i: Bai tara komai ba. Ya bar zanen dutse wajen 4,000, ya ƙi karɓar lambar girma da gwamnatin Napoleon na Uku ta yi masa tayi a 1870, idonsa ya kusa mutuwa gaba ɗaya, ya rasu a 1879 a wani ƙauye, Valmondois. Dokar da ta cire wa zane neman izini ta zo ne a Yuli 1881, bai gan ta ba.

Maman_Iklima: Na sake karanta abin da Malama ta rubuta. Har yanzu ina kan bakana cewa zane bai hana ni ba. Amma akwai abu ɗaya. Bayan abin ya faru da mu, yawancin matan ɓoyewa suka yi don kunya, wasu har yau mazansu ba su sani ba. Mutanen suka koma wani gari da sabon suna. Da akwai wanda ya zana fuskokinsu da salon maganarsu ya yaɗa yadda kowa zai gane su, wataƙila da matan can garin sun tsira ko da mu ba mu tsira ba.

Ustaz_Bashir: Wannan kam na yarda da shi, Hajiya, in an tabbatar su ne. Tona asirin mayaudari don kare mutane wajibi ne. Sharaɗina dai kada a zana wanda ba a da hujja a kansa, don in hoto ya shiga waya ba ya dawowa.

Abban_Sadik: Na ƙaru sosai, musamman da maganar dokar 1835. Amma ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Kan 'yan siyasa na ga alamar yana tasiri, tunda suna buƙatar kwarjini. Ɗan damfara kuwa ba kwarjini yake nema ba, sabon garin da ba a san shi ba yake nema.

Lauya_Nura: Ba duka ba. Wani gawurtaccen ɗan damfara, Stavisky, a Paris ya yi zamansa, ana ɗage shari'arsa har sau 19 saboda yana da manya a bayansa, kafin takardun bashin bogi da ya shirya a garin Bayonne su fashe a ƙarshen 1933. Manyan 'yan damfara ba sa gudu, gindin zama suke saya a wajen 'yan siyasa, kuma gwamnatin firaminista Chautemps ta faɗi a kan maganarsa a Janairu 1934. Malam Isuhu, kai da ka iya Faransanci, ko za ka ɗauko mana kaɗan daga zanen Macaire ka sa mana bayaninsu da Hausa a nan? Na likita da na ɗan takara nake so in gani.